Amsar Injiniya kan neman tallafin filin shaƙatawa na unguwa

Jama'a, ga rubutun muryar da Injiniya ya turo daren jiya, saboda waɗanda ba su samu sauraro ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da dare. Malam Sakatare, na ji tambayarka. Ka ce filin nan na bayan firamare, wanda ya kai hekta ɗaya, matasa suna so a dasa masa itatuwa, a sa kujeru, a zagaye shi da hanyar ƙafa don masu motsa jiki da dattawanmu da likita ya ce su riƙa tattaki, kuma kana so ka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a samu tallafin gwamnati. Maganar za ta ɗan ja, a yi mini haƙuri.

Kafin a zo kan kuɗi, filin nan na wa ne a takarda? Daga nan ake farawa, kuma a nan ne mafi yawan ƙungiyoyi suke faɗuwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su. Saboda haka cewa "ai kowa ya san filin jama'a ne" ba hujja ba ce a gaban mai ba da tallafi. A je GOGIS, ofishin filaye na jihar Gombe, a nemi a duba taswirar unguwar a ga me aka ware wurin domin sa. Idan a taswira an bar shi fili ne na jama'a, alhamdulillahi, rabin aiki ya ƙare. Idan kuma ya fito cewa yana cikin harabar makarantar, sai an samu amincewar hukumar ilimi a rubuce. Idan na wani ne ko na gado, sai takardar kyauta ko waƙafi, da sa hannun dukkan magada, da shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi. Dukkan magada na ce, har da mata da waɗanda suke wani gari, domin mutum ɗaya da ba a tuntuɓa ba ya isa ya tsayar da aiki a kotu bayan an zuba kuɗi. Daga nan a ɗauki safiyo mai lasisi ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da zane, a kai wa GOSUPDA, hukumar tsara birni, ta amince da abin da za a yi a wurin.

A kuma tabbatar da ƙaramar hukumar da filin yake ciki. Garin Gombe ya faɗaɗa ya wuce iyakarsa. Tumfure, alal misali, kowa yana ganinta cikin gari, amma a ƙarƙashin Akko take, takardarta Kumo za ta je. Wasiƙar da aka kai ofishin da ba nasa ba, a durowa take kwana.

Sai ita ƙungiyar kanta. Babu hukumar da za ta tura kuɗin tallafi asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ana buƙatar rajista, da kundin tsarin ƙungiya, da littafin da ake rubuta bayanan taro, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu. Rajistar ƙaramar hukuma da ta jiha ta isa ga wasu shirye-shiryen cikin gida. Amma idan ana hangen kuɗin waje, a yi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, rajista irin ta amintattu. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a nemi lambar haraji da takardar SCUML, wadda bankuna suke tambaya kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Wannan yana cin watanni, kada a jira sai an ga sanarwar tallafi sannan a fara.

To, ƙofofin. Gaskiyar magana, da wuya ka samu asusun da aka rubuta a goshinsa cewa na wurin shaƙatawa ne. Kuɗin da ake da su na dashen itatuwa ne, da yaƙi da zaizayar ƙasa, da ƙananan ayyukan raya al'umma. Kuma aikinmu ya shiga cikin ukun nan ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba, tunda filin yana zaizayewa ta gefen gabas, kowa yana gani. Sai mu rubuta shi da sunan da ya dace: kare fili daga zaizaya, dasa itatuwa 120, da hanyar ƙafa mai tsawon kaza.

Ƙofa ta farko ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukanta, tare da tituna da magudanan ruwa. Ku ambaci wannan a wasiƙar, cikin ladabi, ku bi ta hannun kansila. Ko ba su ba da kuɗi ba, wasiƙar goyon bayansu tana da nauyi a sauran ƙofofin, kuma suna iya ba da mai gadi ko aron mota.

Ta biyu shirin 3G, na dashen itatuwa, wanda gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta fara a 2019 da burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara. Nan abin nema shi ne dashe da shawarar ma'aikatan gandun daji. Ku rubuta adadi da iri, ku kai tun watan Afrilu ko Mayu, kafin a raba a ƙare.

Ta uku ACReSAL, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, ya gaji NEWMAP, tsohon shirin yaƙi da zaizayar ƙasa. A fahimci wannan da kyau, domin mutane suna ruɗewa: ba za su miƙa wa ƙungiya kuɗi ta je ta yi aiki ba. Suna sa wuri cikin tsarinsu ne, su turo ma'aikatansu su duba, su kawo ɗan kwangila ko kayan aiki. Asusunsu na al'umma kuma bashi ne mai juyawa na manoma, ba namu ba ne. Abin da za mu kai musu shi ne hotunan bakin kwarin da zaizaya ta buɗe a gabashin filin, da awon yadda yake ci, da adadin gidajen da ke ƙasa da shi. Haka ma hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, mai dashen itatuwa don tare hamada, Gombe tana cikin jihohinta 11.

Ta huɗu CSDA, hukumar raya al'umma ta jiha. Ita ce ta saba ba al'umma kuɗi a hannu ta yi aikin da kanta. Tsarinta shi ne su zo su tara unguwa, maza da mata da matasa, a jera buƙatu, a zaɓi kwamitin aiki. A tsarin da aka daɗe ana bi, al'umma tana kawo kashi 10 cikin 100, ko kuɗi ko yashi da dutse da aikin ƙarfi. Sai dai in faɗa muku, idan aka tara jama'a, ruwa da aji da asibiti ne suke zuwa gaba, kuma daidai ne su zo. A ganina, a nan mu nemi rijiyar burtsatse mai sola, wadda mata za su ɗebi ruwa kuma itatuwa su sha daga gare ta.

Akwai kuma ƙananan tallafin GEF, asusun muhalli na duniya, da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take gudanarwa, wanda yake aiki a Najeriya tun 2009, na ƙungiyoyi masu rajista ne. Shekara da shekaru iyakarsa ta kasance dala 50,000, amma a karanta sanarwar shekarar da kyau. Ana fara tura taƙaitaccen bayani, in ya yi musu su nemi cikakke. Su muhalli ne damuwarsu, ba su sayen lilon yara. Aikin mazaɓa na 'yan majalisa kuma, wasiƙa ta isa tun watan Yuli ko Agusta kafin a haɗa kasafi, kuma a sani cewa ta hannun wata hukuma da ɗan kwangila zai zo.

Yanzu lissafi, inda nake so Hajiya Ma'aji ta saurara sosai. Mai duba takarda yana fara buɗe shafin kasafi ne. In ya ga an rubuta "hanyar ƙafa, miliyan kaza" dunƙule, ya san ba a auna ba. Mu ɗauka filin mita 100 ne a kowane gefe. Shinge mita 400 ke nan, in aka kafa turke kowane mita biyu da rabi, turaku 160. Hanya in ta ja baya da mita 5 daga shinge, tsawonta mita 360. Faɗinta mita 2, don mutum biyu su gifta juna kuma keken guragu ya wuce, ya zama murabba'in mita 720. Za a kankare ƙasar sama, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa kaurin santimita 15 bayan an daddanne. Wannan kubik mita 108 ne, amma ƙasa tana zaunawa in rola ta bi ta, sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama 135, wato tifa 14 in mai ɗaukar kubik 10 ce. A tambayi direba girman tifarsa, domin ba duka ɗaya ba ne. Dutsen gefe na hagu da dama, mita 720. In aka ce intalok ake so, ƙaramin nan mai santimita 20 da 10 guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato guda 36,000. Ni shawarata a bar intalok zuwa mataki na biyu. Jar ƙasar da aka danne da kyau ta fi sauƙi a gwiwar tsoho, kuma ita ce dai shimfiɗar da za a ɗora intalok ɗin a kai daga baya.

Abin da yake kashe irin wannan hanya a Gombe ruwa ne. Garin a cikin kwari yake, ƙasarmu rairayi ce, ruwan Agusta kuma da ƙarfi yake sauka. Hanyar da aka shimfiɗa ba a karkata ta ba, ita ce take zama magudana, damina biyu ta fara tsagewa, mu da muka zo hana zaizaya mu buɗe sabuwa. A karkata ta santimita 2 a kowane mita na faɗi, a yi lambatu a gefen tudu, a sa kwalbati inda ruwa ya saba bi. Kuma a nuna a zane inda ruwan zai ƙare, kada ya faɗa gidan maƙwabci.

Itatuwa kuma, dasawa ba wuya, rayarwa ce aikin. Rami santimita 60 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana jawo gara. Tazara mita 8 ga masu faɗin inuwa irin maina da maɗaci da tsamiya. Ceɗiya da durumi a nisanta su daga hanya da katanga, saiwarsu tana ɗaga siminti. Turare yana shan ruwa da yawa, a bar shi. A dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, in damina ta zauna. Kowane dashe da kejinsa saboda awaki, a kuma nemi ƙarin kashi 20 cikin 100 na maye gurbi.

Ga lissafin da ake mantawa. Dashe 120, kowanne lita 20 sau biyu a mako, lita 4,800 ke nan, jarka 240 mai lita 20, kowane mako tun daga Nuwamba har Mayu, rani biyu a jere. Wa zai ɗebo, wa zai biya? In takarda ba ta amsa wannan ba, wanda ya san aiki zai ajiye ta. In rijiya ce, a sa kuɗin binciken ƙasa kafin haƙa, domin a wasu unguwanninmu ruwa yana da nisa ƙwarai. A sa tanki mai lita 5,000, da tiyo, da alawus na mutum biyu masu ban ruwa. A kuma rubuta daga ina kuɗin kula zai riƙa fitowa bayan tallafi ya ƙare, ko gudummawar wata-wata, ko hayar rumfa ɗaya a bakin ƙofa.

Farashi kuma a karɓo daga 'yan kasuwa uku, a rubuce da kwanan wata, a ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, tunda tsakanin miƙa takarda da fitar kuɗi siminti yana iya tashi. Aikin gayya da matasa za su yi shi ma a ƙiyasta shi da kuɗin lebura na yini, a sa shi a matsayin gudummawarmu.

In Allah ya sa aka samu, kuɗin kashi-kashi suke zuwa. Ba a sakin na biyu sai an kawo rasit da hotuna da rahoton na farko. Kada a ɗauki kuɗin shinge a sayi kujeru, ko da da kyakkyawar niyya, sai an nemi izini a rubuce. A biya ta banki, a liƙa lissafi a ƙofar masallaci da coci kowa ya gani. Sannan duk wanda ya turo muku adireshin intanet ya ce a biya kuɗin fom, ko ya ce yana da hanya a ba shi kaso, ku rabu da shi. A je ofis da ƙafa, a miƙa kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi.

Malam Sakatare, a wannan makon a rubuta wasiƙar neman bincike zuwa GOGIS. Matasa kuma su kafa turke a nisan mita 5 daga bakin kwarin, su auna da tef su ɗauki hoto mai kwanan wata, su sake aunawa bayan kowane babban ruwa. In safiyo ya kawo zane, a turo mini shi a nan zan fitar da adadin kayan dalla-dalla. Allah ya sa albarka, a gaida iyali. Wassalamu alaikum.