Amsa ga mai tambaya kan rabon aiki a asibitinsa

Wa alaikumus salam, Likita. Ka ce kana da ƙaramin asibiti a Kano mai gado goma da nas shida, kana buɗe dare da rana, kuma kullum ana rigima a kan aikin dare da ranar hutu. Kafin ka zargi halin ma'aikatanka, ɗauki biro ka yi lissafi, domin yawancin wannan rigima daga ƙarancin hannu take tasowa.

Mako ɗaya awa 168 ne. In kana son nas biyu a bakin aiki kowane lokaci, kana bukatar awa 336 ke nan. Raba ta ga mutum shida, kowa zai ɗauki awa 56 a mako, kuma wannan in babu wadda ta kwanta ciwo, babu mai haihuwa, babu wadda aka yi wa rasuwa. Babu tsarin da zai gyara wannan, ko wa ya zana shi. Abin da shida za su iya ɗauka shi ne biyu da safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, biyu da yamma daga 2 zuwa 8, ɗaya da dare daga 8 zuwa 8 na safe, ɗaya tana hutu. Jimilla awa 252, kowa 42. Amma kada ka bar ta dare ita kaɗai a cikin gini: ta kasance tare da mataimakiya da mai gadi, sannan a rubuta sunan wadda za a kira in abu ya taso, kuma a biya ta kuɗin fitowar.

Yadda za ka jera su: safe, safe, yamma, yamma, dare, hutu. Rubuta sunaye shida a jere, ta farko ta fara daga ranar farko ta zagayen, ta biyu daga ta biyu, har ƙasa. Da yake zagayen kwana shida ne, mako kuma bakwai, ranar hutun kowa za ta riƙa gusawa da kanta, Juma'a da Lahadi su zaga kan kowa ba tare da an roƙe ka ba.

Sai dai akwai aibi a nan, kuma shi ne asalin kukan da kake ji. Wadda ta sauka ƙarfe 8 na safe ranar da aka rubuta mata hutu, barci za ta yi har azahar, ta tashi ta tarar da girki da wanki, gobe kuma ƙarfe 8 tana bakin aiki. A takarda ta samu awa 24, a jikinta ba ta huta ba. Don haka shawarata ita ce ka ɗauki ta bakwai, zagayen ya koma hutu biyu bayan dare, kowa awa 36. In ka yi haka ka lura da abu ɗaya: zagayen ya zo daidai da mako, wadda ta faɗa aikin dare ranar Asabar za ta dawwama a kai. Maganinsa, kowane farkon wata ka gusar da sunayen da layi ɗaya. Ta bakwai ɗin ce kuma za ta rufa maka asiri ranar da wata ta tafi hutun shekara ko na haihuwa, don in shida suka koma biyar, kowa ya haura awa 50.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi awa shida ko fiye a rana yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba a cikin aikin, kuma a kowane kwana bakwai sai an ba shi awa 24 a jere. Hutun haihuwa mako 12 ne, mai shayarwa kuma tana da rabin awa sau biyu a rana. Ka sa waɗannan cikin lissafi tun farko, kada su zo maka kamar ba-zata.

Kada ka sa canjin aiki ƙarfe 10 na dare. A 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu yawo daga 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko ba doka, mace mai komawa unguwa mai nisa ba ta samun abin hawa cikin sauƙi a wannan lokaci. Da azumi kuwa, mai karɓar dare ta sha ruwa a gida sannan ta taho, a tanadar wa masu yamma abin buɗa baki a wurin aiki.

Wurin miƙa aiki nan ne ake yawan yin ɓarna. Mai karɓa ta iso minti 15 kafin lokaci, su zaga gado-gado tare, a faɗi wanda ya sha magani da wanda ake jira, da ruwan da ke tafiya da lokacin da aka ɗaura shi. Su ƙirga allurai masu tsada da magungunan da ake kullewa, su duba iskar numfashi da man janareta, dukansu biyu su sa hannu a littafi. In ba a yi haka ba, ranar da allura ta ɓata ko aka maimaita wa mara lafiya magani, kowa zai ce ba a hannunsa ba ne.

Jadawalin ya fito mako biyu kafin wata ya kama, a manna shi a bango, a tura hotonsa a WhatsApp. Musanya tsakaninsu ba laifi ba ce, amma a rubuta, shugabar nas ta sa hannu, kuma kada a yarda da musanyar da za ta haɗa wa mutum ɗaya yamma da dare a jere, awa 18 ke nan. Ka ajiye littafi dabam na Sallah: wadda ta yi aiki ranar ƙaramar Sallah ta huta a babba. Hutun shekara kuma a kauce masa daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje.