Me ya sa Damagaram ta daɗe tana bin jam'iyya guda?

Tambaya daga wani ɗalibi a unguwar Birni, Damagaram: Malam, tun ina yaro nake jin ana cewa CDS ce ke da Damagaram, Tawa kuma ta PNDS. Wannan ba mulkin jam'iyya ɗaya ba ne irin na zamanin Diori?

Amsa: A'a ɗana, ba su haɗa hanya ba. Na Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, dole ce. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, kuma tana da jama'a ƙwarai a nan Damagaram, aka bar PPN-RDA ta Diori ita kaɗai a fili har Seyni Kountché ya kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974. Haka MNSD da Ali Saibou ya kafa a 1989, gwamnati ce ta haife ta, ba ta da kishiya. A irin wannan zaɓe ɗan takara guda ne, ko ka jefa ƙuri'a ko ka kwana a gida sakamako ɗaya.

Abin da kake tambaya ya taso ne bayan babban taron ƙasa na 1991, da aka buɗe ƙofa kowa ya kafa tasa. Kowane jigo sai ya koma gida neman goyon baya: Mahamadou Issoufou da PNDS-Tarayya a Tawa, Moumouni Adamou Djermakoye da ANDP-Zaman Lahiya a Doso, Mahamane Ousmane da CDS-Rahama a nan. Babu wanda ya tsare mutane da bindiga, su suka ga dama.

To me ya sa tamu ta kama ƙasa haka? Akwai tsohon miki. Damagaram ce babban birnin Nijar kafin Faransa ta maida shi Yamai a 1926, kuma tun daga nan shugabanni daga yamma suke fitowa, Diori, Kountché, Saibou. Gyaɗar da ke riƙe da baitulmali a lokacin kuwa gabas ke noma ta. Da ɗan gari Mahamane Ousmane ya ci zaɓen shugaban ƙasa a watan Maris 1993, mutane ji suka yi an share musu hawaye, har yau Nafarko suke ce masa. Juyin mulkin da soja Ibrahim Baré ya yi masa a Janairun 1996 ya ƙara wa ƙaunar gishiri, don wanda aka raba da kujera da ƙarfi ba ya rasa masu tausaya masa. Ka haɗa da yadda ake kamfe a nan: ɗan takara ya je gaisuwa wurin mai unguwa, ya leƙa fadar samari ya ajiye kuɗin shayi da sukari, mata su ɗinka atamfa mai hotonsa. Gida guda kan tafi rumfar zaɓe da baki ɗaya.

Ni a ganina mutum ake bi, jam'iyya riga ce kawai. Da rikici ya raba Ousmane da Abdou Labo, wani jigon jam'iyyar, CDS ta kuɓuce masa, ya yi takarar 2016 a MNRD-Hankuri, ta 2020 a RDR-Canji, jama'ar birni kuwa suka bi shi suka bar Rahama da suna. Kuma kada ka ɗauki birni a matsayin jiha duka. Mohamed Bazoum na PNDS, wanda ya kayar da Ousmane a zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, a Tesker yake cin kujerar majalisa, cikin jihar nan tamu.

Yanzu dai babu jam'iyyar da ke riƙe da ko'ina. Sojoji sun dakatar da harkokinsu bayan 26 ga Yuli 2023, suka rushe su gaba ɗaya a watan Maris 2025.