Amsa ga Hajiya kan masu shiga darasi ba su biya ba

Salamu alaikum 'yan gurup, ina kwananku. Hajiya, na saurari muryarki ta jiya, kin ce darasin ɗinkin da kike bayarwa ta waya mutum 20 suka biya, amma masu kallo sun ninka haka. Wallahi abin ya taɓa ni, don ni ma haka ta faru da ni a ajina na lissafi nan Yamai. Wata rana a cikin taksi, wajen Wadata, na ji muryata tana tashi daga wayar wani yaro da ban taɓa gani ba.

Hajiya, liyan ɗin bidiyon, wato adireshin da ake latsawa a buɗe shi, shi ne yake cutar ki. In kin sa bidiyo a YouTube a ɓoye, duk wanda aka tura wa liyan zai kalla, ko ya biya ko bai biya ba. Ki mayar da abin abonema, kamar na Canal+: wata ya cika, hoto ya ɗauke sai an sabunta. Kowace ɗaliba da lambar wayarta da ranar da kuɗinta zai ƙare. Ni kaye guda, wato littafin rubutu, na saya. In kuɗi ya shigo ta Nita ko Airtel Money, sai na ga resi, na rubuta suna da rana, sannan in buɗe ƙofa.

Bidiyoyin kuma ki kai su Telegram, tasha ta sirri. Can za ki iya yin liyan na mutum ɗaya tak, mai mutuwa bayan kwana ɗaya, kuma akwai wurin da kike hana adanawa da turawa. WhatsApp ki bar shi don tambaya da amsa, ki kunna amincewar admin ga mai shigowa.

Amma don Allah kar ki cire mutum ba sanarwa. Kin san halin da ake ciki, ga wuta tana ɗaukewa, ga tsadar forfe na intanet. Ni saura kwana 3 kuɗin ɗaliba ya ƙare nake tunatarwa, ta waya tsakanina da ita, ba a gurup ba, don kar a kunyata kowa. In ranar ta wuce in ƙara mata kwana 2. Wadda ta dawo ta tarar da darasinta inda ta tsaya.

Sai magana ɗaya: tun ranar shiga ki faɗa musu jika nawa ne a wata, kuma mi ke ciki. Anjima bayan la'asar zan turo miki hoton kayen nawa ki ga yadda na ja layukan.