Gonar da aka kwashe wa marmara

Tambaya: Malam, masu tifa sun kwashe marmara a gonarmu ta gado wajen Dakace, sun bar jan fako. Wane iri zan watsa? Daga wani manomi, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, manta da masara tukuna. Ka karce wurin, ka zuba takin shanu, sannan ka gauraya kyasuwa da gamba da sitailo. Kyasuwa ke saurin rufe ƙasa kafin ruwa ya zaizaye ta. Gamba kuwa, wadda na fi yarda da ita, saiwarta na nutsawa, tana tohowa kowace shekara. Sitailo dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Nemi irin a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika. Watsa cikin Yuni in damina ta zauna, kada ka binne da zurfi. Awaki fa, kada su shiga bana.