Hukuncin Kallon Finafinan Soyayya da Ake Nuna Mamaci Ya Dawo Duniya

Tambaya: Malam, a gidanmu muna kallon finafinan soyayya na Indiya masu fassarar Hausa. A wasu akan nuna masoyi ya mutu an sake haihuwarsa a wani jiki domin ya cika alƙawarin soyayya, a wasu kuma fatalwarsa ce ke dawowa tana tsare iyalinsa. Shin kallon irin wannan yana taɓa imani?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ƙagaggen labari da kowa ya san ƙage ne halal ne a asalinsa, kamar tatsuniya, kuma malamai sun tabbatar cewa hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Saboda haka wanda ya kalla bai fita daga Musulunci ba, matuƙar bai gaskata ba.

Sai dai komawar rai cikin wani jiki aƙida ce ta addinin Hindu, wadda malamanmu ke kira tanasukhi, kuma Alƙali Iyad a cikin Ashafa ya lissafa masu ita cikin waɗanda suka kafirta. A Suratul Mu'uminun, aya ta 99 da 100, mai mutuwa yana roƙon a mayar da shi duniya, sai a ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa mahaifinsa Abdullahi, wanda ya yi shahada a Uhudu, ya roƙi Allah Ya mayar da shi duniya a sake kashe shi saboda Shi, aka amsa masa cewa hukunci ya riga ya gabata, ba a komawa. In har shahidi bai samu wannan ba, babu saurayin da zai samu don begen budurwa.

Abin da ke sa mutane hawaye a finafinan nan, wato ƙin rabuwa da masoyi, ba aibi ba ne. Annabi (SAW) ya ci gaba da ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta nama, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Haɗuwar kuwa Allah Ya ajiye ta a Aljanna, inda Suratur Ra'ad, aya ta 23, ta ambaci iyaye da ma'aurata da zuriya na gari suna shiga tare.

Hukunci shi ne: babba mai sanin aƙidarsa zai iya kallo, ko da yake barinsa ya fi, amma ya zama haram idan akwai tsiraici ko ana ƙawata bautar gumaka. Yara kuwa a nesanta su, domin fassarar Hausa tana sa maganar ta shiga kunnensu tamkar ta gida, har yaron da ya rasa uwa ya zauna jiran dawowarta. Haka matar da ke takaba, addu'a da sadaka ga mijinta sun fi mata amfani.

Allah ne Mafi sani.