Maus ɗina an rubuta 1600 DPI amma Windows bai nuna min inda zan saita ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina da ɗan shagon kwamfuta a ƙauyenmu kusa da Ringim, ina buga takardu da katin biki da CorelDraw. Na sayo sabon maus a Kano, a jikin kwalin an rubuta 800, 1200, 1600 DPI, amma na duba ko'ina a Windows 7 ɗina ban ga wajen zaɓa ba, kuma kibiyar gudu take kamar me, da kyar nake kama gefen hoto. Wani ya ce sai na sauke direba. Wane direba zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ka ajiye datarka, ba direban da kake buƙata (direba 'yar manhaja ce da ke sa Windows ya iya aiki da na'urar da aka soka masa). Shi DPI ɗin nan a cikin maus ɗin yake zaune, ba a cikin Windows ba, shi ya sa ka gaji da nema baka gani ba.

Juya maus ɗin ka kalli ƙasansa, wannan jar wutar tana haska tebur ne, kusa da ita akwai wata 'yar kyamara mitsitsiya da take ɗaukar hoton saman tebur sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, tana gwada hoton yanzu da na baya sai ta gane an matsa dama ko hagu kuma nawa aka matsa. To DPI shine adadin ƙirgen da take aikawa in ka ja maus ɗin tsawon inci ɗaya. A 800 ƙirge 800 zata aika, a 1600 ninki biyu. Ita kwamfuta abinda ke iso mata kawai shine "matsa kaza dama, kaza sama", bata ma san inci nawa hannunka ya yi ba. Duk maus na USB da yare ɗaya suke magana, sunansa HID, kuma Windows da Linux da Mac kowanne da direbansa na gama-gari ya zo, shi ya sa kana sokawa yake kama aiki nan take. Wannan direban karɓar ƙirge ya iya, ba shi da hanyar da zai ce wa kyamarar ta ƙara ko ta rage, don kowane kamfani da irin nasa umarnin. Na da can masu zagayen baki, PS/2, su kam kwamfuta tana iya aika musu umarni su zaɓi ƙirge 1, 2, 4 ko 8 a milimita, amma wannan zamanin ya wuce.

Tunda kwalin naka lamba uku ya nuna, duba bayan tayar nan ta tsakiya zaka ga wani ɗan maɓalli. Shine saitin naka. Duk dannawa ɗaya yana tsallakawa mataki na gaba, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ina kyautata zaton a 1600 yake yanzu, ko yaran shago sun danna basu sani ba. Wasu kuma in an kashe kwamfuta ko an ɗauke wuta sai su koma inda suka fito daga kamfani, sai ka sake dannawa da safe.

Ga lissafin da zai nuna maka dalilin gudun. Laftof da yawa da ke hannun mutanenmu faɗin allonsu ɗigo (wato pixel) 1366 ne. A 800 sai ka ja hannu wajen inci 1.7 kafin kibiya ta ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan, a 1600 kuwa ko inci ɗaya baka cika ba ta riga ta bugi bango. Ga mai jan layi a katin biki wannan wahala ce tsantsa, ka zauna a 800 wallahi ya ishe ka, manyan lambobin nan na masu faffaɗan allo ne da 'yan gem.

Sai Windows ɗin. Shiga Control Panel, Mouse, Pointer Options, zaka ga sandar gudu mai gaɓa 11. Ita ba ta taɓa DPI ko kaɗan, ƙirgen da ya iso take ninkawa ko ta rage. Gaɓa ta 6 ita ce ƙirge ɗaya ɗigo ɗaya, in ka wuce ta kibiya zata fara tsallake ɗigo, layinka ya dinga fitowa da haƙora. A ƙasanta akwai akwatin da aka rubuta Enhance pointer precision, shi yake sa in ka fizgi hannu kibiya ta yi nisa, in ka bi a hankali ta yi kusa. Ni dai in zane zan yi cire shi nake, don hannu ya saba da awo guda. In ka cire shi ka bar sanda a 6, kana ma iya sa rula a tebur ka auna incin da ka ja daga gefe zuwa gefe, ka raba adadin ɗigon faɗin allonka (1366 in irin wannan ne) da shi, amsar ita ce DPI ɗinka na gaskiya, don wasu masu arahar abinda ke kwali daban na ciki daban.

Wanda ya ce maka direba bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, masu tsada irin Logitech da Razer suna da manhajarsu, G Hub da Synapse, a nan ake rubuta lambar da ake so, a Linux kuma akwai Piper da Solaar. Amma naka in ba sunan kamfani irin waɗannan a jikinsa ba abinda zasu yi masa. Kuma don Allah kar ka bi shafukan nan masu cewa zasu sabunta maka duk direbobi kyauta, Windows 7 tun Janairun 2020 Microsoft ta daina ba shi kariya, ga takardun mutane a kwamfutarka, abin yana damuna sosai yadda ake kwasar bairos ta nan.

In ka yi duk wannan kibiya tana rawa ko tana tsalle da kanta, to tebur ne ko ƙura. Gilas da leda mai sheƙi suna ruɗa kyamarar, sa masa kwali ko farar takarda marar ƙyalli, sannan da hunturu ka riƙa hure ramin ƙasan kana gogewa da auduga busasshiya.