Likita Ya Amsa: Idan Jan Ƙarfe Ya Taru a Hanta

Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 14 ya yi shawara sau biyu cikin shekara guda. An gwada ciwon hanta nau'in B da C, babu. Yanzu kuma hannunsa na rawa, rubutunsa ya lalace, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Likitan da ke duba shi ya ce za a auna jan ƙarfe a jikinsa. Me ya haɗa jan ƙarfe da hanta?

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Likitan nan ya yi tunani mai kyau, ki ba shi haɗin kai a yi gwajin ba tare da jinkiri ba.

Jan ƙarfe sinadari ne da kowane jiki ke bukata, amma kaɗan ƙwarai: babban mutum bai wuce kimanin miligiram 0.9 yake bukata a rana ba. Abin da muke ci yakan zarce haka, sai hanta ta ɗauki rarar ta zubar cikin ruwan matsarmama, ya fita da bayan gida. Akwai cutar gado da ake kira cutar Wilson, wadda Dakta Kinnier Wilson ya bayyana a Landan a 1912. Mai ita hantarsa ba ta iya zubar da wannan rarar, saboda ƙwayar gadon da ke kula da aikin, wadda aka gano a 1993 ana kiranta ATP7B, ta zo da tangarɗa. Tun daga haihuwa jan ƙarfen ke taruwa a hankali. Hanta ta fara cika, ta kumbura, ta yi tabo. Idan ta kasa riƙewa sai ya malala cikin jini ya sauka a ƙwaƙwalwa da idanu da ƙoda.

Shi ya sa abin da kika lissafa ya ɗaga min hankali. Shawara daga hanta take, rawar hannu da lalacewar rubutu da canjin hali kuma daga ƙwaƙwalwa. Wasu yaran maganarsu kan sarƙe, yawu ya riƙa dalala, tafiya ta canza, karatu ya ja baya. Abin da ya fi yi min ciwo a cutar nan shi ne yadda ake ɗaukar irin waɗannan yara masu taurin kai ko masu taɓin hankali, a shafe shekaru ana yi musu faɗa, alhali hanta na can tana lalacewa. Galibi alamun kan bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 35, kuma a ƙananan yara hanta ce ke fara nunawa.

Gwajin ba ɗaya ba ne. Za a auna wani furotin na jini mai suna seruloplasmin, wanda yakan yi ƙasa, sau da yawa ƙasa da miligiram 20 a kowace desilita. Za a tara fitsarin awa 24 cif a mazubi mai tsabta. Ga mai alamun cutar jan ƙarfen da ke ciki yakan haura maikirogiram 100. Likitan ido zai duba da fitilarsa ta musamman ko akwai zobe mai ruwan ƙasa-ƙasa a gefen baƙin ido, wanda ake kira zoben Kayser-Fleischer. Kusan duk wanda cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa yana da zoben, amma a masu matsalar hanta kaɗai kusan rabi ba su da shi, don haka rashinsa bai wanke yaro ba. Idan sakamakon ya rikice, akan ɗebi ɗan ƙanƙanin naman hanta da allura a auna, ko a yi gwajin ƙwayar gado.

Ba na cewa lallai ita ce, domin ban ga yaron ba, kuma cutar ba ta da yawa, kimanin mutum 1 cikin 30,000. Sai dai tana da magani, kuma wanda aka gano da wuri yakan yi rayuwa kamar kowa. Kafin sakamako ya fito, kada ki ba shi wani magani ko jiƙo da likitansa bai sani ba. Idan kika ga shawarar ta yi tsanani, ko fitsari ya yi baƙi, ko ya fara ruɗewa da yawan barci, ko aman jini, ki kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Likita, an tabbatar ƙanena yana da cutar Wilson. Ni shekarata 27, lafiyata ƙalau. Dole ne in yi gwaji? Kuma ’ya’yana fa?

Dole ne, Malam, kai da duk waɗanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya da shi. Gadon cutar kamar na sikila yake: sai an samu ƙwayar daga uwa da uba duka. Tunda ƙanenka na da ita, iyayenku biyu suna ɗauke da ƙwayar, kuma kowane ɗansu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Jin lafiya ba hujja ba ce, hanta tana iya shekaru tana cutuwa ba tare da ta yi ƙorafi ba. Wanda aka gano kafin alamu su fito shi ya fi kowa sa'a, domin magani kan hana su fitowa gaba ɗaya.

’Ya’yanka haɗarinsu ƙarami ne, sai idan mahaifiyarsu ma tana ɗauke da ƙwayar. Kimanin mutum 1 cikin 90 ke ɗauke da ita ba tare da ciwo ba, kuma yiwuwar haɗuwa tana ƙaruwa idan ma'auratan ’yan uwa ne na jini. Ka fara da naka gwajin, sannan likita ya shawarce ka kan yaran.

Shekara huɗu ina shan fenisilamin saboda cutar Wilson, na warke sarai. Yanzu ina da ciki wata biyu, ina tsoron maganin ya cutar da jaririn. In daina?

’Yar uwa, don Allah kada ki daina, ko na mako ɗaya. Abin da kike ji sauƙi ne da maganin ya kawo, cutar tana nan. Fenisilamin, wanda Dakta John Walshe ya fara amfani da shi kan wannan cuta a Ingila a 1956, yana kama jan ƙarfe ne ya fitar da shi ta fitsari. Ranar da aka daina, taruwa ta dawo. An sha ganin waɗanda suka ajiye maganin don sun ji garau, hantarsu ta gaza farat ɗaya, har ta kai ba abin da zai cece su sai dashen hanta.

Tsoronki yana kan hanya, kuma akwai mafita. Ga mai juna biyu likitoci sukan rage yawan fenisilamin, wani lokaci har zuwa rabi, musamman a watannin ƙarshe don rauni ya warke da kyau idan an yi tiyata. Akwai kuma wasu magungunan: tirayentin, wanda shi ma ke fitar da jan ƙarfe ta fitsari, da zink. Zink yana hana hanji tsotse jan ƙarfe daga abinci, kuma ba a cika rage shi lokacin ciki ba. Amma sauya magani ko rage shi hukuncin likitan hantarki ne tare da likitan mata, bayan sun duba jininki da fitsarinki. Ki gan su cikin makon nan. Ki ci gaba da bitamin B6 idan an haɗa miki, domin fenisilamin na rage shi, ki kuma tattauna batun shayarwa tun kafin haihuwa.

Wane abinci mai cutar Wilson zai guje wa?

Hantar dabbobi da halittun ruwa masu ɓawo irin su kawa da kaguwa su ne kan gaba. Sai cakulan, laimar kwaɗi da dangin gyaɗa da kashu, musamman a shekarar farko ta magani. A duba kwalbar bitamin kafin a sha, da yawa suna da jan ƙarfe a ciki. Idan bututun ruwan gida na jan ƙarfe ne, a bar ruwan ya ɗan zuba kafin a tara. Giya kuwa babu ita sam. Ƙauracewa abinci kaɗai ba ya maganin cutar, taimako ne kawai ga ƙwayoyin magani.

Ni ba ni da wannan cuta, amma na ji zink na kare hanta, shi ne nake shan ƙwayoyi da yawa kullum. Akwai illa?

Akwai, Malam. Aikin da zink ke yi wa mai cutar Wilson shi zai yi maka, sai dai kai ba ka da rarar da za a rage. Shan sa da yawa na tsawon watanni yana jawo ƙarancin jan ƙarfe, abin da ke haifar da ƙarancin jini, raguwar fararen ƙwayoyin jini, sagewar ƙafafu da tangaɗi wajen tafiya. Jinin yakan gyaru idan an daina, amma lahanin jijiyoyi ba kullum yake komawa daidai ba. Iyakar da aka gindaya wa babban mutum ita ce miligiram 40 a rana, sai idan likita ne ya rubuta fiye da haka. Ka dakatar da shi, ka je a auna maka jini da jan ƙarfe. In hantarka kake son karewa, ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B, idan ba ka da shi ka karɓi rigakafinsa.